Ya Mayar da Kuɗin Fulotinmu Bitcoin, Ya Ce Sai Nan da Shekara Biyar

Wasiƙar wannan makon daga Kano take, daga wata baiwar Allah da ta nemi a sakaya sunanta. Na ɗan taƙaita ta.

"Anti, assalamu alaikum. Shekararmu 9 da aure, 'ya'yanmu 3, har yanzu muna gidan haya. Shekara 4 muka yi muna tara kuɗin fuloti har suka kai naira miliyan 4. A ciki akwai miliyan 1 da dubu 200 nawa, na adashi da na sarƙar gwal ɗina da na sayar. Watan jiya aka kawo mana tallan fili, na ce Abban yara ya ciro kuɗin, sai ya ce ai ya daɗe da mayar da su Bitcoin, kuma ba zai taɓa su ba sai nan da shekara 5. Ya nuna min wasu lambobi a waya. Mutum ne mai natsuwa, ba ya caca, ban san shi da ƙarya ba, shi ya sa abin ya ɗaure min kai. Me mutane suke gani a abin da ba ka riƙe shi a hannu, ba gwamnati a bayansa, ba banki? Damfararsa aka yi, ko ni ce ban waye ba? Har na fara tunanin kai ƙara wajen Hajiyarsa."

Wa'alaikumus salam ƙanwata. Ki dakata da zuwa wajen Hajiya tukuna. Magana biyu kika ƙulle a ƙulli ɗaya: ta Bitcoin, da ta kuɗinki da aka taɓa ba a tambaye ki ba. Idan kika je da su a haɗe, zai yi ta kare ta farko, ta biyun kuma ta bi ruwa, alhali a nan ne gaskiyarki take. Bari mu fara da wadda ta ɗaure miki kai.

Kakata, Allah ya jiƙanta, idan za ta ce ba ta da komai sai ta ce ba ta da ko wuri. Sai da na girma na san cewa ita kanta kalmar kuɗi jam'in wuri ce. Wannan ɗan ƙwanson da yanzu sai a jikin ƙwarya ko kayan 'yan bori kike ganinsa, da shi kakanninmu suka sayi doki da kore da gishiri a kasuwar Kurmi. Daga tsibiran Maldives na Tekun Indiya ake kawo shi. Ba a cinsa, ba a shansa, kuma ba Sarkin Kano ne ya ƙera shi ba. Lokacin da Baturen nan Heinrich Barth ya zo Kano a 1851, wuri wajen 2,500 ake bayarwa a kan dalar azurfa ɗaya. Abu biyu ne suka riƙe darajarsa: jama'a sun yarda da shi, sannan samunsa da wuya. Da fataken Turawa suka gano wani irinsa a gaɓar Zanzibar suka riƙa jibgo shi jirgi-jirgi, sai ya yi ta lalacewa, har ta kai ɗaukar kuɗin da kansa ya zama wahala, kafin sulallan Turawan mulki su ƙarasa binne shi.

Ki riƙe wannan labarin, domin duk hujjar maigidanki a cikinsa take. Naira da muke kashewa tun 1973 ita ma takarda ce, yardarmu da ƙarfin gwamnati ne suka sa ta zama kuɗi. Amma wa yake yanke yawan da za a buga? Wasu mutane ne a Abuja. A 2023 Majalisar Dattawa ta amince a mayar da bashin naira tiriliyan 22.7 da Babban Banki ya bai wa gwamnatin tarayya ya zama bashi na dogon zango. Kuɗin da aka ƙirƙira aka zuba a kasuwa ke nan, ba tare da buhun masara ko ɗaya ya ƙaru ba. A farkon 2023 'yan canji a Wapa suna sayar da dala wajen naira 750. Shekara ɗaya bayan nan ta haura 1,500. A ƙarshen 2024 hauhawar farashi ta wuce kashi 34 cikin 100 a lissafin gwamnati da kanta. Ke ce mai cefane, ba sai na gaya miki abin da mudun shinkafa ya yi ba. Magidancin da ya kwana yana kallon miliyan 4 ɗinsa suna zaune a banki, lambar ba ta canza ba amma filin da za su iya saya yana ƙanƙancewa kowane wata, ba mahaukaci ba ne idan ya fara neman wurin ɓuya.

To me ya sa Bitcoin? Tunda kina adashi, abin ba zai yi miki wuyar ganewa ba. A adashi akwai uwar adashi, ita ke riƙe da littafi, ita ke cewa wance ta zuba, wance ta kwasa. Idan mai amana ce, lafiya lau. Idan ta ci, ko ta gudu, ko mijinta ya ranci kuɗin, kowa ya shiga uku. Banki ma uwar adashi ce, babba dai. A ƙarshen 2008, ana tsakiyar rugujewar bankunan Amurka, wani da ya kira kansa Satoshi Nakamoto, wanda har yau ba a tabbatar da ko wane ne ba, ya fito da tsarin adashin da ba shi da uwa. Littafin yana hannun kowa: dubban kwamfutoci a faɗin duniya kowacce tana riƙe da kwafinsa, kusan kowane minti 10 ana ƙara sabon shafi, kuma shafin ba ya zama sai ya dace da ƙa'idar da duk sauran suke bi. Wanda ya so ya goge layi ɗaya don ya ci kuɗin wani, sai ya fi ƙarfin dukkan masu rubutun a haɗe. An buɗe shafin farko ranar 3 ga Janairu, 2009.

A cikin ƙa'idar an rubuta cewa Bitcoin ba zai taɓa wuce miliyan 21 ba. An riga an fitar da sama da miliyan 19, kuma kusan duk shekara 4 ana rage sabon da ke fitowa da rabi: daga 50 a kowane shafi ya koma 25 a 2012, sai 12.5 a 2016, sai 6.25 a 2020, ya zama 3.125 a Afrilun 2024. Ba gwamnan banki da zai tashi da safe ya ƙara. Wato wuri ne da aka ce an toshe hanyar Zanzibar ɗinsa. Wannan shi ne abu na farko da masu riƙe shi suke gani.

Na biyu ya fi taɓa ni, don na ɗanɗana. A watan Fabrairun 2023, lokacin canjin kuɗi, na tsaya layi a ƙofar wani banki tun bayan asuba har azahar, ina da kuɗi a asusu amma ba ni da na sayen maganin jikata. Ƙarshe wajen mai POS na je na sayi nairata da naira. A ranar na gane cewa abin da ke banki alkawari ne kawai, kuma mai alkawari yana iya cewa ki dawo gobe. Manyanmu sun ga irin haka a canjin kuɗi na 1984. Mutanen Lebanon sun gani tun daga 2019, inda bankuna suka hana jama'a cire dalolinsu. A zanga-zangar EndSARS ta 2020, da aka toshe wa wasu masu tara gudummawa hanyar banki, Bitcoin suka koma karɓa. Ko kina goyon bayansu ko ba kya yi, darasin ɗaya ne. Sannan a Fabrairun 2021 Babban Banki ya hana bankuna hulɗa da 'yan kirifto, wato masu cinikin kuɗin intanet irin su Bitcoin. Samari suka koma cinikin hannu da hannu da suke kira P2P, kasuwar ba ta mutu ba, har aka janye hanin a Disambar 2023. Wanda ke riƙe da mabuɗin Bitcoin ɗinsa, wato kalmomin sirrin da ake buɗe shi da su, da kansa ba ya neman izinin manaja, ba ruwansa da Asabar ko Lahadi, kuma zai iya tura shi Yamai ko Guangzhou cikin dare.

Akwai na uku, wanda ba kasafai suke faɗa da baki ba, kuma ina zargin shi ne ya fi yawa: sa ran farashi zai tashi. Duk ɗan kirifto ya haddace labarin mutumin da ya ba da Bitcoin 10,000 aka kawo masa fiza biyu a watan Mayun 2010, ga shi a Disambar 2024 guda ɗaya ya haura dala 100,000. Irin wannan labarin yana hana saurayi barci. Sai dai masu ba da shi ba su cika haɗawa da ɗan uwansa ba. A Nuwambar 2021 Bitcoin ya kai wajen dala 69,000, a Nuwambar 2022 ya dawo wajen 16,000. Wanda ya zuba kwatankwacin miliyan 4 a saman, bayan shekara ɗaya abin da ya rage masa a lissafin dala bai kai kwatankwacin miliyan 1 ba. E, ya sake tashi daga baya. Amma wanda maigidan haya ya ba shi notis a wannan tsakanin, ko aka kwantar masa da yaro a asibiti, a faɗuwar ya sayar, tashin bai same shi ba.

Ga ra'ayina, tunda shi kika nema. Bitcoin kansa ba damfara ba ce, kuma hujjojin masu riƙe shi ba shirme ba ne. Amma ba ya haihuwa. Saniya tana ba da maraƙi, shago yana kawo haya, fili ko bai kawo komai ba kya kafa rumfa ki zauna a ciki. Shi darajarsa gaba ɗaya tana rataye da cewa gobe ma wani zai so shi. Zai ce miki ai sarƙar gwal ɗinki ma haka take, kuma ya yi gaskiya. Bambancin shi ne shekaru dubbai mutane suna son zinare, shi kuwa Bitcoin bai kai shekarun wasu 'yan jami'a ba. Kuɗin da mutum zai iya mantawa da su shekara 5 ko 10, ya ga sun zube da rabi bai fasa cin tuwonsa ba, wannan ya san inda ya sa kansa. Kuɗin da aka riga aka raɗa musu suna, aka ce na fuloti ne, ga yara 3 a gidan haya, ba wurin ajiyarsu ba ne, ballantana a juye su duka.

Yanzu batun ko an damfare shi. Daga nan ba zan iya ganin wayarsa ba, amma ke za ki iya ganowa, kuma ba sai kin zama 'yar baiwa ba. Ki tambaye shi ainihin me ya saya. Sunan kirifto ya zama babbar riga, kowa yana shiga ciki. Akwai USDT da 'yan kasuwarmu suke biyan kaya da ita, wadda take bin farashin dala, amma ita tana da uwar adashi, kamfanin Tether, kuma yana iya daskarar da asusu. Akwai wasannin danne-dannen waya irin Hamster Kombat da aka kwana ana jiran ta fashe a Satumbar 2024, yawancin mutane suka tashi da abin da bai kai kuɗin datar da suka ƙona ba. Akwai kuma 'yan damfara tsagwaronsu masu aron sunan. CBEX ta yi wa mutane alkawarin ninka kuɗi cikin kwana 30, ta rufe da dukiyar jama'a a Afrilun 2025, kamar yadda MMM ta yi a Disambar 2016. Alamar ba ta canzawa: idan akwai wanda ya yi masa alkawarin riba kaza a wata, ko aka ce ya kawo mutane a ƙara masa, ko wani "oga" ne a WhatsApp yake juya masa kuɗin, to ba Bitcoin yake riƙe da shi ba, hoton lambobi yake riƙe da shi. Banza ba ta kai zomo kasuwa. Bitcoin na gaskiya ba ya yi wa kowa alkawarin ko sisi.

Sai ki tambaye shi a ina yake ajiye. Idan a manhajar wani kamfanin canji ne, to ya koma gidan jiya, ya sake miƙa wuya ga wata uwar adashin, wadda ma ba ta da inshorar NDIC, hukumar da ke kare ajiyar jama'a a bankuna, da kuɗin banki suke da ita. Mt. Gox ta Japan ta rushe a 2014 da Bitcoin wajen 850,000. FTX, da ake ganin ta fi ƙarfin faɗuwa, ta rufe a Nuwambar 2022, mai ita Sam Bankman-Fried yana zaman ɗaurin shekara 25. Binance ba ta rushe ba, amma da rigimarta da gwamnatin Najeriya ta yi zafi a Maris na 2024, cinikin naira ta dakatar. Dokar zuba jari ta 2025 ta sa harkar a ƙarƙashin hukumar kula da kasuwar hannun jari, wato SEC, don haka ko ba komai a duba ko kamfanin yana da rajista da ita.

Idan kuwa ya ce miki a walet ɗinsa na kansa yake, mabuɗin yana hannunsa, to ya yi abin yadda masu abin suke so a yi. Kuma a nan ne hankalina ya fi tashi saboda ke. Mabuɗin nan kalmomi ne 12 ko 24 na Turanci. Duk wanda ya gan su ya mallaki kuɗin, ya kwashe ba mai dawo da su. Duk wanda ya rasa su, wayar kuma ta lalace ko aka ƙwace, ya rasa kuɗin har abada. Ba ofishin da za a je, ba fom da za a cike. Wani mutumin Wales, James Howells, an zubar masa da faifan kwamfuta mai ɗauke da mabuɗin Bitcoin wajen 8,000 a bola tun 2013, ya yi shekaru yana roƙon a bar shi ya tona juji, har kotu, bai samu ba. Ƙofar da ba mai iya kulle maka ita, ba mai iya buɗe maka ita kuma. Allah ya ja da ran Abban yara, amma rai ba a hannunmu yake ba. Idan ta Allah ta kasance yau, alƙali zai iya rubuta wa banki a fito da kuɗin mamaci a raba gado. Wa zai rubuta wa Bitcoin? Haƙƙin marayu 3 da tumunin takabarki da kuɗin sarƙarki duk suna cikin kan mutum ɗaya.

Wannan ya kawo mu maganarki ta biyu. Miliyan 1 da dubu 200 cikin miliyan 4 kashi 30 ne cikin 100. Dukiyar mace tata ce, aure bai mayar da ita ta miji ba, kuma kin ba shi ne da sunan fuloti. Ko da Bitcoin ɗin ya ninka sau 10, sauya musu hanya ba da saninki ba kuskure ne, kuma ya kamata ya ji haka daga bakinki, cikin ladabi, ba tare da kin haɗiye rabin maganar ba. Ina kyautata masa zaton cewa tsoron kada ki hana ne ya sa ya yi shiru, ko kuma yana so ya ba ki mamaki wata rana. Maza da yawa haka suke, sai su ɗauka kyakkyawar niyya ta isa ta maye gurbin shawara.

Kan halasci, malamai ba su haɗu a baki ɗaya ba. Tsohon Muftin Masar, Shawki Allam, ya haramta cinikinsa, majalisar malaman Indunusiya ta haramta amfani da shi a matsayin kuɗi a 2021, ita kuwa majalisar shari'a ta hukumar kasuwar hannun jarin Malesiya ta halatta cinikinsa a 2020. Ni ba malama ba ce. Ku je tare wajen malamin da ya san fiƙihun ciniki kuma ya fahimci yadda abin yake aiki, ku tambaye shi har da zakka, da kuma wanda asara za ta hau idan an juya amana ba da izinin mai ita ba. Ina jin amsar wannan ta ƙarshen za ta sa maigidan ya gyara zama.

Ki zaɓi daren da yara suka yi barci, ya ci ya ƙoshi. Kada ki fara da "ka cuce ni". Ki ce ya koya miki, ki bar shi ya yi bayaninsa har ya gaji; masu wannan harka suna son a saurare su, kuma yanzu kin san inda za ki sa tambaya. Daga nan ki nemi ya sayar da ɗan kaɗan a gabanki, ko na naira dubu 50 ne, ki ga alat ya shigo asusun banki da idonki. Ana sayar da Bitcoin gutsi-gutsi, guda ɗaya yana rabuwa gida miliyan 100, don haka "ba a taɓawa" ba hujja ba ce. Idan kuɗin sun fito, kin huta da zargin damfara. Sai ki faɗi zaɓinki kan kasonki: ko a cire miki shi ki mayar gwal ko ki riƙe don filin, ko ki bar shi da yardarki, a rubuta a takarda cewa kashi 30 naki ne, da shaidu biyu. Ni da ni ce, zan cire nawa, in kuma roƙe shi ya rage nasa ya zama abin da zai iya jure asararsa. Kalmomin sirrin kuma a rubuta su da biro, kada a ɗauke su hoto, kada a tura su ta WhatsApp, a adana inda ruwa da wuta da idon baƙo ba sa kaiwa, ke ma ki san wurin.

Idan ya ƙi gwajin dubu 50 ɗin, ko ya gwada aka ce sai ya biya wani kuɗi kafin a sakar masa nasa, to kada ya ƙara tura ko kwabo, kuma lokacin shigo da babba ya yi. Ko a nan ma zan fi son ki fara da yayansa ko amininsa da yake jin nauyi kafin Hajiya, don uwa idan ta ji an ce miliyan 4 suna cikin waya, hawan jininta za ki fara jinya kafin ki ga kuɗinki. Ki sake rubuto min bayan kun zauna, ki gaya min sunan manhajar da kika gani a wayar tasa.